Salsalar Gidan Marika: Sana'ar Bayani Ba Tare da Fasa Ƙwai Ba

A kan hanyar shiga ganuwar Stormveil, cikin wasan bidiyo na Elden Ring, akwai wani dattijo mai ƙahoni da jela da ake kira Margit. Sanda ce a hannunsa, kuma yana da wata muguwar dabara: sai ya ɗaga sandar ya riƙe ta a sama, ɗan wasa ya yi wuf ya kauce tun duka bai sauko ba, yana miƙewa sai sandar ta same shi. A nan mutane da yawa suke fara sanin irin wasan da suka saya. Idan mutum ya sha kashi har ya gaji, sai ya jawo waya ya rubuta sunan Margit a intanet. Abu ɗaya yake nema, yadda zai wuce wannan ƙofa.

Shafin da zai buɗe, wani ne ya zauna ya rubuta shi. Marubucin ya riga ya gama wasan. Ya san ɗan wane ne wannan dattijo, ya san gidan da ya fito, ya san abin da ya sa yake tare hanya. Jumla guda a saman shafin ta isa ta zubar da abin da masu wasan suka tanada sai bayan gomman awoyi. In kuma aka cire jumlar gaba ɗaya, shafin ya zama gurgu ga wani mai karatun, wanda ya kammala wasan jiya da dare ya zo yana son a warware masa abin da ya gani. Mutum biyu ne suke shigowa ta ƙofa ɗaya, kowa da buƙatarsa, kuma marubucin ba ya ganin fuskar kowannensu.

Masu wannan aiki ba su da shago, ba su da ƙungiya. Akasarinsu editocin wiki ne, irin kundin nan na intanet da jama'a ke haɗuwa su rubuta kamar Wikipedia, sai dai kowane wasa da nasa. Elden Ring yana da irinsu a Fextralife da Fandom da wiki.gg. Akwai masu yin bidiyo a YouTube, wanda ya fi suna a cikinsu shi ne VaatiVidya, mutumin Ostireliya da ya daɗe yana warware labaran wasannin kamfanin FromSoftware tun zamanin Dark Souls. Akwai kuma masu rubuta manyan littattafan jagora da ake bugawa a takarda, irin waɗanda kamfanin Future Press na Jamus ya fitar.

Ba kowane wasa ne yake buƙatar irin waɗannan mutane ba. Wannan yana buƙatarsu saboda yadda aka gina shi. FromSoftware, kamfanin ƙasar Japan, ya fitar da Elden Ring ranar 25 ga Fabrairun 2022, kuma kafin a cika mako uku an sayar da kwafi miliyan 12. Shugaban aikin, Hidetaka Miyazaki, ya taɓa ba da labarin yarintarsa: yakan ari littattafan da suka fi ƙarfin karatunsa, ya gane wani wuri, wani wurin ya gagare shi, sai ya cike giɓin da nasa tunanin. Haka yake son ɗan wasa ya yi. Shi ya sa babu mai zaunar da kai ya ba ka tarihi daga farko har ƙarshe. An yayyanka labarin an watsa shi: layi uku a jikin bayanin takobi, layi biyu a jikin sulke, wata magana da wani zai faɗa sau ɗaya ba zai sake ba, wani gunki a lungu, wata gawa da aka ajiye a inda bai kamata a gan ta ba. George R. R. Martin, marubucin Amurka wanda aka yi Game of Thrones daga littattafansa, shi ya rubuta tsohon tarihin ƙasar da na gidan sarautarta. Miyazaki da mutanensa suka karɓa, suka farfasa shi, suka mayar da jaruman Martin dodanni.

Aikin yau da kullum ba shi da wani armashi a ido. Wasan ba ya tsayawa don ka buɗe jakarka, abokan gaba za su iya far maka kana tsakiyar karatu, saboda haka edita yakan koma wurin da babu faɗa, kamar zauren Roundtable Hold, ya riƙa buɗe kayan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki hoton allo, ya kwafe rubutun harafi da harafi, ya rubuta inda aka samo abin da kuma wanda ya faɗi maganar. Idan wani a cikin wasan ya yi tambaya mai amsa biyu, dole a nemo abin da zai ce ta kowace fuska, wanda hakan kan sa a sake wasan ko a adana kwafin inda aka tsaya. Masu jin Japananci sukan jera asalin rubutun da fassarar Turancin da kamfanin Frognation ya yi, domin wani lokaci jinsi ko adadin da Turanci ya tilasta a zaɓa, asalin bai fayyace shi ba. Sannan kamfanin yana sabunta wasan. A watan Maris na 2022, makonni kaɗan da fitowarsa, an ƙara sabon mutum mai suna Jar-Bairn, an kuma tsawaita labaran wasu kamar Nepheli Loux da Diallos. Shafukan da aka ɗauka an gama su sai da aka koma kansu.

Daga nan zuwa ƙasa zan ambaci asirai uku na ainihin wasan, domin ba yadda za a yi a nuna wannan sana'a ba tare da an taɓa kayan aikinta ba. Wanda yake shirin bugawa kuma yake son ya gano da kansa, ya dakata a nan. Asiran ƙarin da aka yi wa wasan a 2024 ba zan taɓa su ba.

Ga gidan kamar yadda mutanen ƙasar suka san shi. Sarauniya Marika ce uwar gida, ita ke ɗauke da zoben ikon da aka sa wa wasan sunansa, tana mulki daga birnin Leyndell a gindin wata ƙatuwar bishiyar zinariya, Erdtree. Mijinta na fari Godfrey ne, mayaƙi, kuma ta haifa masa Godwyn da tagwaye Morgott da Mohg. Daga baya aka raba Godfrey da albarkar da yake tare da ita, aka kore shi. A can yankin Liurnia kuwa, wani jarumi mai jan gashi, Radagon, ya je da yaƙi ya ƙare da aure: ya auri Rennala, sarauniyar gidan Caria kuma shugabar makarantar tsafi ta Raya Lucaria, suka haifi Radahn da Rykard da Ranni. Da kujerar Godfrey ta zama babu kowa, sai Radagon ya bar Rennala ya koma Leyndell ya zama mijin Marika na biyu, suka haifi tagwaye Malenia da Miquella. Wani dare aka kashe Godwyn, daga baya zoben ya farfashe, 'ya'yan gidan suka ɗauki ɓaraguzansa suka kaure da yaƙi.

Ko a haka ma mai karatu ya fara juwa, kuma sunayen ba sa taimako. Akwai Godfrey, akwai Godwyn, akwai Godrick, akwai Godefroy. Akwai Rennala da Ranni da Renna. Akwai Malenia da Melina, mata biyu da ba su haɗa kama ba amma sunayensu sun kusa zama ɗaya. Har sai da aka riƙa raɗe-raɗin cewa Martin ya ɓoye haruffan sunansa ne, G da R da M, a cikin sunayen, shi kuma ya fito ya musanta. A gida irin wannan, babban alherin da marubuci zai yi wa mai karatu shi ne ya zana masa bishiyar zuri'a: wane ya haifi wane, layi ya sauko, layi ya haɗu. To a nan gizo ke saƙar, domin bishiyar ita ce asirin. Radagon da Marika mutum ɗaya ne.

Yana da kyau a ga irin wahalar da wasan ya sa a sha kafin a san haka. A wani tsohon coci a Liurnia, inda aka ɗaura auren Radagon da Rennala, akwai wani ƙaton kunkuru mai hular limamai, Miriel. Idan ka zauna ka saurare shi, zai ce maka an taɓa kiran wani gwanin sassaƙa ya yi gunkin Radagon, kuma mai sassaƙar ya hango wani asiri na ubangidansa, ya binne shi a jikin gunkin. Shi ke nan, ba zai ƙara ba. Sai bayan tafiya mai nisa, a cikin Leyndell, za ka iske gunkin. Kafin ya yi magana sai ka samo wani littafin addu'o'i da aka ajiye a wuri mai wuyar hawa, ka kai wa malamin da zai koya maka wata addu'a da ake kira Law of Regression, wadda ba ta karantuwa sai basirar jaruminka ta kai maki 37. Ka tsaya gaban gunkin ka karanta, sai siffar Radagon ta juye ta zama ta Marika. Wanda bai bi wannan hanya ba, sai a ƙofar faɗan ƙarshe zai ga jikin Marika yana sauyawa, gashin zinariya yana komawa ja.

Duk wannan gini, akwati biyu da layi ɗaya a kan zane sun isa su rushe shi cikin ƙiftawar ido. Idan mai zanen ya haɗe Radagon da Marika a akwati guda, ya fasa ƙwai. Idan ya raba su ya yi shiru, wanda ya gama wasan zai ce zanen ƙarya ne, kuma ba zai gane abin da ya sa ake danganta la'anar da ke jikin Malenia da Miquella da haihuwarsu daga ubangiji guda ba. Editocin da suka ƙware sukan yi zane biyu. Na sama shi ne salsalar da kowane talaka na ƙasar zai iya karanto maka, da take mai nuna cewa wannan ita ce wadda aka sani a fili. Na biyu yana ƙasa, a naɗe, sai an taɓa shi yake buɗewa, kuma a jikin murfin an rubuta inda ya kamata mutum ya kai kafin ya buɗe: bayan Leyndell, ko bayan ƙarshen wasa.

Abin da na fi girmamawa a wurin gwanayen wannan aiki shi ne ba sa yin ƙarya don kare asiri. Jarabar tana nan. Abu ne mai sauƙi a rubuta cewa Radagon wani baƙo ne da ya zo daga wata ƙasa, a bar mai karatu da wannan har ya gano da kansa. Amma duk shafin da ya yi maka ƙarya sau ɗaya, ko da niyyar alheri ce, ba za ka sake dogara da shi ba ranar da kake neman hanyar fita daga wani rami. Dabarar da suke amfani da ita tsohuwa ce a aikin tarihi: jingina kowace magana ga mai ita. Miriel ya ce Radagon ya bar Rennala ya tafi Leyndell. Bayanin da ke jikin takobi kaza ya ce kaza. Jumlar gaskiya ce, domin Miriel ya faɗa. Ba ta yi alkawarin cewa abin da Miriel ya sani shi ne iyakar abin da ke akwai ba. Sabon ɗan wasa ya samu abin da zai riƙe, tsohon hannu kuma ya ga an bar masa ƙofa a buɗe.

Sai dai mafi yawan ɓarna ba a cikin sakin layi take aukuwa ba. Marubuci zai iya yin taka-tsantsan da kowace jumla, asirin ya tsiyaye ta gefen shafi. Akwai ɗan akwatin taƙaitawa da ke saman kowane shafi, mai hoto da layuka: suna, wurin zama, iyaye, wasu sunaye. Layin nan na wasu sunaye ya ɓata wa mutane da yawa wasa. Akwai turawa ta kai tsaye, inda za ka rubuta suna ɗaya injin ya kai ka shafin wani suna. Ɗauki Renna, mayyar da ke bayyana da dare a cocin Elleh tun farkon wasa, ta ba ka ƙararrawar kiran ruhohi. Sabon ɗan wasa zai so ya san ko za a sake ganinta. Idan ya rubuta Renna sai ya tsinci kansa a shafi mai taken Ranni, gimbiyar Caria, to an gama, ko kalma ɗaya bai karanta ba. Shi ya sa ya fi kyau Renna ta samu nata ɗan gajeren shafi, mai faɗin inda ake haɗuwa da ita da abin da take bayarwa, sannan a ƙasa a ce akwai ƙarin bayani game da ko wace ce ita ga wanda ya kai Liurnia. Haka nan rukunin da ake jera shafuka a ciki: da zarar an sa wani a rukunin 'ya'yan Marika, sunan rukunin kaɗai ya tona shi. Haka hoton da aka zaɓa, haka adireshin shafin, haka shawarwarin da injin bincike ke kawowa tun kana tsakiyar rubuta suna. Wannan na ƙarshen ya fi ƙarfin edita.

Margit ma irin wannan ne, kuma nasa ya fi daɗin nazari, domin taimako da asiri a ɗaure suke da igiya ɗaya. Akwai wani mari da ɗan kasuwan nan mai wayo, Patches, yake sayarwa a kogon Murkwater, ana kiransa marin Margit. In ka yi amfani da shi a farkon faɗa, sai ya danne Margit a ƙasa na ɗan lokaci ka samu ka kai sara. Dole shafin Margit ya ambace shi, shi ne taimakon da mai sha kashi yake nema. Amma marin nan yana aiki a kan Morgott, sarkin da ke tsare Leyndell, domin Margit Morgott ne ya sauya suna. Me za a rubuta a shafin marin? In an ce yana aiki a kan bosawa biyu, wato manyan abokan gaba, aka jera sunayensu, mai hankali ya gano. In an ɓoye, an hana mutum makamin da zai cece shi a faɗa mai wuya. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a sa bayanin a inda ake buƙatarsa: a shafin Morgott a ce marin yana aiki a nan, domin wanda ya zo shafin ya riga ya ga fuskar ya gane ta. A shafin marin kuma a ce kada ka ɗauka amfaninsa ya ƙare, zai sake yi maka rana a gaba.

Kuma asirin ya cancanci a kare shi. An haifi Morgott da ƙahoni, abin da tsarin mahaifiyarsa yake ɗauka la'ana, aka jefa shi da ɗan'uwansa cikin magudanun ƙarƙashin birni a ɗaure. Da gidan ya watse, 'yan'uwansa masu gata kowa ya kama gabansa, shi ɗin da aka ƙi shi ne ya tsaya yana gadin gadon sarautar da ba ta taɓa son sa ba, yana kiran sauran maciya amana. Wanda ya tsani Margit tun a Stormveil, ya zo ya ji wannan a bakin Morgott, wani abu yakan motsa a ransa. Wanda ya karanta a akwatin taƙaitawa tun ranar farko ya san labarin, amma wannan motsin ya wuce shi.

Akwai wani nau'in gargaɗi da ya fi duk waɗannan wuyar rubutawa. Wasu abubuwa a wasan, in an wuce wani mataki, sun tafi ke nan sai an sake daga farko. Akwai wani mashi mai suna Bolt of Gransax a Leyndell, ɗaya daga cikin manyan makaman da masu son kammala komai suke tarawa. Wanda ya kashe babban bos na yankin Farum Azula bai ɗauko shi ba, ya rasa shi. Dole a gaya wa ɗan wasa, in ba haka ba zai zagi shafin da ya yi shiru. Amma dalilin da ya sa mashin yake ɓacewa yana cikin manyan abubuwan da wasan ya tanada. Gwani yakan rubuta umarnin tsirara: kafin ka shiga wannan faɗa, koma Leyndell ka gama duk abin da kake da shi a can. Ba ya cewa don me. Ni ma ba zan ce ba.

Ba kowa ne ya yarda duk wannan wahala tana da amfani ba, kuma masu ja suna da hujja. Wikipedia ta cire alamun gargaɗin fasa ƙwai daga shafukanta a 2007, bisa cewa kundin ilimi aikinsa ya faɗi abu cikakke, kuma duk wanda ya ga take yana cewa ga labarin fim ya san abin da zai tarar. A 2011, Nicholas Christenfeld da Jonathan Leavitt na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun ba ɗalibai gajerun labarai 12, wasu an riga an gaya musu ƙarshe, suka ga waɗanda aka gaya wa sun ɗan fi jin daɗin karatun. A 2015 kuma Benjamin Johnson da Judith Rosenbaum suka yi nasu gwajin suka samu akasin haka. Ni dai ina ganin dukkan binciken biyu ba su kai ga abin da ke gabanmu ba. Gajeren labari zama ɗaya ake karanta shi. A wasa irin wannan, mutum da guminsa yake sayen kowane ɓallin labari, ya mutu ya tashi, ya ɓata hanya, ya haɗa wannan da wancan. Ganowar ita ce ladan. Sannan mai buɗe Wikipedia ya zo karatu ne, mai buɗe wikin wasa kuwa sau da yawa yana tsakiyar faɗa, taimako ya kawo shi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo kusa da wanda ya riga ya ga fim ɗin ya san bambancin wanda za ka tambaya wane ne wannan ya ce maka ƙanin jarumin ne, da wanda zai ɗora da cewa ai shi zai kashe shi a ƙarshe.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ɓoyo yana iya yin yawa. Akwai shafukan da za ka tarar an lulluɓe kusan kowane layi, sai ka yi ta taɓawa kamar mai tsince tsakuwa, har sunan garin da ke kan taswira an rufe. Wannan ma gazawa ce. Mai irin wannan shafi ya guje wa aikin yanke hukunci ne ya jibga wa mai karatu, kuma tunda ba a gaya masa wane lulluɓi ne ƙarami wane ne babba ba, zai buɗe duka. Gargaɗi ba ya aiki sai ya faɗi iyakarsa.

Batun kuɗi gajere ne. Yawancin editocin wiki ba a biyansu ko sisi, kamfanonin da ke riƙe da shafukan su ke samu ta hanyar talla. Wannan ya sha jawo saɓani. A 2023 editocin wikin Minecraft suka kwashe aikinsu daga Fandom suka koma nasu wurin, kuma yawan talla yana cikin dalilan da suka bayar. Masu bidiyo suna samu daga YouTube da gudummawar masu kallo, marubutan littattafan jagora kuma aikin albashi ko kwangila suke yi. Inda kuɗi ya shigo, nan jarabar take ƙaruwa. Bidiyon da ya fara fita da hoton bos na ƙarshe a fuskarsa shi ke kwashe masu kallo, kuma hoton yana bayyana a wayar wanda bai nema ba. Lokacin da ƙarin Shadow of the Erdtree ya fito ranar 21 ga Yunin 2024, aka sayar da miliyan 5 cikin kwana uku, 'yan wasa da yawa sai da suka ƙaurace wa YouTube har suka gama. Masu mutunci a sana'ar sukan sa take da hoto marasa tona komai, su faɗa a farkon bidiyo iyakar inda za su kai, ko da hakan zai rage musu masu kallo.

Wannan ƙari ya koya wa masu rubutun wani darasi dabam. Shekara biyu ana rubuta wasu 'ya'yan gidan Marika da wata fuska, wannan abin tausayi, wancan azzalumi, har hasashe ya daskare ya zama kamar tabbas. Ƙarin ya zo ya birkita wasu daga cikin waɗannan hukunce-hukunce, ya kuma kawo wani ɗa, Messmer, wanda babu shi a kowace bishiyar zuri'a da aka zana kafin a sanar da shi. Shafukan da suka jingina kowace magana ga mai ita ba su sha wahala ba, ƙari kawai aka yi musu a ƙasa. Waɗanda suka rubuta hasashe da muryar tabbas sai da aka rushe su aka sake gini.

Har yanzu akwai inda ake ja-in-ja, kuma Melina ce babban misali. Ita ce yarinyar da ke raka ɗan wasa tun farkon tafiya. Ta ce mahaifiyarta ce ta ɗora mata wani aiki a wajen bishiyar Erdtree. A wasu coci-coci takan karanto maka kalmomin da Marika ta taɓa furtawa a wurin. Sunanta ya fara da harafin da na 'ya'yan Marika da dama suka fara da shi. Mafi yawan masu nazarin wasan sun gamsu cewa 'yar Marika ce, ni ma haka nake gani. Amma babu wani rubutu a wasan da ya ambaci sunanta ya ce ga uwarta. Sabon edita yakan zo da zafinsa ya cike layin iyaye a akwatinta, ya ja layi daga Marika zuwa gare ta a kan zane. Tsohon hannu yakan cire, ya mayar da maganar sashen hasashe a ƙasan shafi, ya jera hujjojin ɗaya bayan ɗaya tare da inda aka samo kowace, ya bar wa sabon saƙo yana bayyana masa dalili. A kan zanen kuma, in za a ja layin, sai a ja shi da ɗigo-ɗigo, a rubuta a gefe cewa ana kyautata zato ne, wasan bai tabbatar ba.